Littafin aikin tara duwatsu masu kiristal: daga bakin loto zuwa kwalin mai saye

9 ga Nuwamba, 2024

Damina ta ɗauke, ruwa ya fara janyewa daga ramuka, masu haƙa sun koma loto. Abin da muka sa a gaba shi ne tara samfuri 150 na ma'adinan Filato, Nasarawa da kudancin Kaduna kafin ruwan Afrilu ya sauka, kowanne da katin da ke faɗin inda aka haƙo shi, don sayarwa ga masu tara ma'adinai da sassan jami'o'i masu koyar da ilimin duwatsu.

Kasuwar dutse iri biyu ce, kuma aikin nan gaba ɗaya ya rataya ne a kan bambancinsu. Kasuwar da kowa ya sani a Jos ta masu yanka ce: ana saye da giram ko karat (giram 1 karat 5 ne), launi da tsabtar ciki kawai ake dubawa. Shi ya sa mai haƙa da ya ci karo da akwamarin, wato shuɗin dutsen nan mai daraja, zai ɓamɓare shi daga dutsen da ya tsiro a kai, ya sa filaya ya gutsure wajen da ya yi hazo, ya miƙa wa dillali tsakiyar. Kasuwa ta biyu, wadda muke nema, tana son ƙwayar yadda Allah ya halicce ta: kanta bai tsage ba, fuskokinta na sheƙi, tana zaune a kan uwar dutsenta. Abin da kasuwa ta farko ke zubarwa shi ta biyu ke biya dominsa, kuma bugun guduma ɗaya ya isa ya fitar da dutse daga ta biyun har abada.

Wuraren da za mu nema: tofas, kuza da fenakait daga tsaunin Jos, akwamarin da koren beril daga yankin Nasarawa Eggon da Gwantu, tomalin daga kewayen Keffi, barait daga Azara, dutsen tozali daga Zurak a ƙaramar hukumar Wase. Safayar Jama'a da ta Mambilla ba mu sa su a gaba ba, domin yawancinsu a cikin tsakuwar rafi ake wanko su, ruwa ya riga ya goge musu kusurwa, ga kuma farashin masu yanka da ya yi mana tsayi.

23 ga Nuwamba

Kayan aiki sun kammala: sikeli mai auna har 0.01 na giram, madubin ƙara girma mai ninki 10, tocilar UV (mai hasken da ke sa wasu abubuwa irin gam su yi walƙiya a duhu), guduma mai nauyin kilo 1, cizal uku masu faɗin baki daban-daban, bokitai baƙaƙe masu murfi guda shida, buroshin haƙori, tsinken gora, safar hannu ta roba, tabarau na kariya.

Sai takardu. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ce duk ma'adinin da ke cikin ƙasar Najeriya na Gwamnatin Tarayya ne. Mu ba haƙa muke yi ba, don haka lasisin fili, wanda ofishin Kadasta ke bayarwa, bai shafe mu ba. Abin da ya shafe mu shi ne izinin saye da mallakar ma'adinai daga sashen sufetocin ma'adinai na Ma'aikatar Bunƙasa Ma'adinai, kuma mun tsai da cewa sai daga wanda ke aiki a ƙarƙashin lasisi, ko ƙungiyar masu haƙa mai rajista, za mu saya. Dutsen da ba a iya nuna halaccin hanyarsa ba, ba zai samu takardar fita ba komai kyansa.

Sharaɗin da muka gindaya wa masu haƙa: duk ƙwayar da aka kawo a kan uwar dutsenta, ba a wanke ba, an naɗe ta ita kaɗai, za mu ɗora rabin farashin giram a kan abin da dillali zai biya. Mun raba musu tsofaffin jaridu da ƙananan kwalaye. Buhu shi ne babban abokin gabar samfuri, don duwatsu na gogar juna a bayan babur tun daga daji har gari.

7 ga Disamba

Kashin farko ya iso: guda 64. An tantance su gida uku. Guda 19 masu kai lafiyayye, guda 27 masu ɗan rauni a gefe ko baya inda ba ya nunawa, sai 18 da suka karye, waɗanda za su koma wajen masu yanka ko su shiga akwatin koyarwa.

Fararen duwatsu ne ke ba da wahalar ganewa, domin kwaz, tofas, fenakait da beril marar launi duk "fari" ake kiransu a bakin rami. Hanyar da muka dogara da ita ita ce awon nauyi a ruwa. A auna dutsen a bushe. A ɗora kofin ruwa a sikeli, a mayar da shi sifili. A ɗaure dutsen da zaren ɗinki, a saukar da shi cikin ruwan ya nutse duka ba tare da ya taɓa gindi ko gefen kofin ba, a karanta lambar. A raba nauyin bushe da wannan lamba. Wata ƙwaya mai giram 18.40 ta ba da 5.20 a ruwa, sakamakon 3.54, tofas ke nan. Kwaz yana ba da 2.65, beril wajen 2.7, fenakait wajen 2.96, tomalin kusa da 3.1, fulorait 3.18, safaya 4.0, barait 4.5, kuza wajen 7, dutsen tozali 7.5. Kumfar iska da ta maƙale a jikin dutse tana ɓata lissafin, don haka a jiƙa shi tukuna. Awon ba ya aiki ga ƙwayar da ke manne da uwar dutse, tunda abu biyu ake aunawa a lokaci guda.

Kwaz da beril sun yi kusa ainun a wannan awo, sai a koma ga siffa. Dukansu gefe shida gare su, amma kan kwaz tsini ne kuma layukan jikinsa a kwance suke, yayin da kan beril yawanci shimfiɗaɗɗe ne, layukansa a tsaye. Tomalin idan aka dube shi ta kai kamar kusurwa uku ce mai kumburarren gefe. Tofas yana rabuwa sumul ta gindi, kamar an yanka shi da wuƙa. Guda huɗu daga cikin abin da aka sayar mana a matsayin kwaz sun fito fenakait, wanda ya fi kwaz daraja nesa ba kusa ba a wajen masu tarawa.

Gwajin karce da ma'aunin Mohs, wato ma'aunin taurin ma'adinai, ba ma yin sa a kan fuskar samfuri. Idan ya zama dole, a gindi ne, inda ya riga ya karye.

21 ga Disamba

Wankin farko, ruwa da sabulun wanke kwano kawai. Ana jiƙa su kwana biyu jar laka ta yi laushi, sannan buroshi da tsinken gora. Ƙusa da allura ba su da gurbi a nan: ƙarfe na barin baƙin layi a jikin kwaz, yana kuma karce fulorait da barait, masu taurin 4 da 3 zuwa 3.5 a ma'aunin Mohs.

Sanyin hunturun Jos ya jawo asarar fulorait guda biyu. An ɗauko su daga ɗaki mai sanyi da safe aka saka a ruwan ɗumi, suka tsage ta layin rabuwarsu nan take. Daga yanzu ruwa da dutse za su kwana a ɗaki ɗaya kafin su haɗu.

11 ga Janairu, 2025

Laka ta fita, tsatsa ta rage. Kusan duk abin da ya fito daga ƙasar marmara yana da jan rufi ko ruwan ƙasa wanda sabulu ba ya taɓawa. Maganinsa asid oksalik, farin gari da ake samu wajen masu sayar da sinadarai.

Haɗin da muke amfani da shi giram 60 ne a lita 1 na ruwa. Ruwan rijiya da na burtsatse ba su dace ba idan suna da alli a ciki, domin oksalik na haɗuwa da shi ya bar farin ɓawo mai wuyar fita a jikin dutse. Tataccen ruwa ake so, ko ruwan sama da aka tara a roba mai tsabta. A nan akwai haɗari na gaske: idan aka aiki yaro ya sayo "ruwan batir", mai shago na iya ba shi tataccen ruwa, yana kuma iya ba shi asid ɗin batir. A karanta jikin gorar kafin a buɗe.

Kafin dutse ya shiga asid sai ya kwana a ruwa zalla, don tsagoginsa su cika da ruwa, asid bai samu wurin ɓuya a ciki ba. Daga nan a jera su a bokitin roba, ba na ƙarfe ba, a zuba haɗin ya rufe su, a rufe murfin, a ajiye a rana. Baƙin bokiti na ɗaukar zafi ya hanzarta aikin ba tare da an kunna wuta ba. Ana dubawa bayan kwana uku. Idan ruwan ya koma kore mai ruwan ɗorawa sosai, ya ƙoshi da tsatsa, a canza. Mai tsatsa kaɗan kan gama a mako guda, mai kauri ya kai uku.

Kwaz, beril, tofas, tomalin da fenakait ne kawai ke shiga wannan bokiti. Fulorait da duk abin da ke da kalsait a jikinsa ba sa shiga. Oksalik guba ne idan ya shiga ciki, yana kuma cin fata a hankali, saboda haka safar hannu da tabarau dole ne, kuma bokitan suna bayan ƙofa mai kwaɗo inda yara da dabbobi ba sa kaiwa. Ruwan da aka gama da shi ana kashe shi da farar ƙasa ko bekin soda har ya daina kumfa, a bar dattin ya kwanta, kada ya kusanci rijiya.

Bokiti uku ke aiki yanzu, guda 41 a ciki. Kashi na biyu, guda 52, ya iso daga Keffi da Nasarawa Eggon, kuma wannan karon guda 23 sun zo a kan uwar dutse. Ƙarin kuɗin ya fara nunawa.

25 ga Janairu

Bokiti na biyu ya fito da rawayen tabo a jikin kwaz guda tara. Dalili biyu ne suka haɗu: murfin ya tsage haske ya shiga, kuma ruwan ya ragu har kawunan duwatsun suka fito suka bushe. Ƙarfen da asid ya narkar yana sake kwantawa a matsayin rawayen gari idan haske ya same shi ko ya bushe a jikin dutse. Gyaransa sabon haɗin oksalik ne a cikin duhu, sannan jiƙo mai tsawo. Ƙa'idar ɗauraya: kwanakin da dutse ya yi a asid, ya yi aƙalla irinsu a ruwa zalla, ana canza ruwan kullum, a kwanan ƙarshe a sa cokali biyu na bekin soda a kowace lita.

Ga fulorait da barait mun koma ga haɗin Waller, wanda ba asid ba ne: giram 59 na sodiyam sitiret, giram 28 na bekin soda, giram 33 na sodiyam daitayonait, a cika da ruwa zuwa lita 1. Daitayonait ɗin ake zubawa a ƙarshe, lokacin da duwatsun suka riga suka shirya, domin ƙarfinsa na tafiya cikin yini guda idan ya sha iska. Yana wari, a yi shi a waje. Barait ɗin Azara guda 11 sun fito fes bayan zagaye biyu.

Ba kowane ja ne ake cirewa ba. Akwai kwaz guda biyu da jan yake cikin ƙwayar, ba a bayanta ba, kuma shi ne kyansu. An bar su.

8 ga Fabrairu

Dutsen tozali daga Zurak, guda 14. Yana da taushi, taurinsa 2.5, yana ɓallewa murabba'i-murabba'i da ɗan bugu. Ba ya shiga kowane irin asid. Wasu asid ɗin ma suna sa shi fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda ke kisa. Ruwa da buroshi mai laushi, a shanya a inuwa, shi ke nan.

Dalma ce a cikinsa, kuma babu wanda ke wannan sana'a a Arewa da zai manta 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, saboda ana daka dutsen zinariya mai dalma a cikin gidaje. Ƙura ce ke kisa. Don haka ba a fasa shi ko goge shi a bushe, ba a kai shi gidan da ake kwana, kowane guda yana cikin robarsa mai murfi, ana wanke hannu kafin a ci abinci, kuma a katinsa an rubuta gargaɗin da jan biro. Ba ma sayar da shi ga mai neman tozalin ido.

Kuza ma da tata lura. Baƙin yashin da ke raguwa a wuraren wankin kuza na Jos yana ɗauke da monazait, mai sinadarin toriyam da ke fitar da tururin nukiliya. Ƙwayoyin kuza masu fuska muke karɓa, yashi ba ya shiga ɗakin ajiya.

1 ga Maris

Azumi ya kama, aikin rami ya ragu, muka samu sararin duba kayan ɗaya bayan ɗaya da tocilar UV a ɗaki mai duhu. Tomalin guda uku daga kashi na uku sun nuna wani siririn haske mai shuɗi-shuɗi a inda ƙwayar ta haɗu da uwar dutse. Da madubi aka ga an barbaɗa garin dutse a kan gam don ya ɓoye haɗin. Bayan kwana ɗaya a asiton, sinadarin da ke narkar da gam, duka ukun suka rabu. Biyu daga ciki gurbin da suka zauna a jikin uwar dutsen bai ma dace da gindinsu ba, wato daga wani dutse aka ɗauko su aka dasa.

Wannan ɗan ƙarin kuɗin ne ya haifa: da aka ji ana biyan uwar dutse, sai aka fara ƙera ta. Matakin da aka ɗauka shi ne ba a biyan ƙarin sai bayan gwajin tocila da asiton, kuma dutsen da ya zo a wanke ko yana maiƙo ba a karɓa, domin mai yana ɓoye tsaga ya ƙara wa launi zurfi. Ba kowane gam ne ke haske a tocila ba, shi ya sa madubi ke biyo baya.

Gyara daban, dasa daban. Ƙwayar da ta karye a rami aka mayar da ita mazauninta na asali halal ce a wannan kasuwa, muddin an rubuta "an gyara" a kati kuma farashi ya sauka. Muna da irin waɗannan guda biyar, duk an rubuta.

An kuma samu koren kwalba guda ɗaya cikin beril: kumfa zagayayyu a ciki, awonsa 2.5.

15 ga Maris

Datsa. Uwar dutse da ta yi yawa tana danne ƙwayar tana kuma ƙara kuɗin aikawa. Ana rage ta da matsi, ba da bugu ba: a sa gefen tsakanin bakin cizal biyu a cikin bais, wato ƙarfen matse abu, a matsa a hankali, nesa da ƙwayar, ƙwayar na naɗe da tsumma. Girgizar guduma na bi ta cikin dutse ta tsinke tofas ta gindi ko da ba a taɓa shi ba. Daga guda 16 da aka datsa, ɗaya ya lalace.

Girman da masu saye ke amfani da shi: wanda zai shiga akwati mai santimita 3 da ɗoriya ta kowane gefe, sai mai kaiwa santimita 5, sai mai kaiwa 10, sai abin da ya haura. Mafi yawan namu na aji biyu na farko ne.

Kati shi ne rabin darajar samfuri. Kowane guda yana da lamba, an rubuta ta a ɗan farin fenti a gindinsa an shafe da Paraloid B-72, wani gam marar launi, da aka narkar a asiton. Lambar ce ke kan katin kuma ita ce a rajista. Katin na ɗauke da sunan ma'adinin, ƙauye ko tsauni, ƙaramar hukuma, jiha, watan da aka haƙo, girma da milimita, nauyi, irin wankin da aka yi, da gyara idan akwai. Matsalar ita ce dillali ba ya son faɗin rami, don kada a tsallake shi, sai ya ce "Jos" ga komai, har abin da ya fito daga Nasarawa. Idan ba a tabbatar da ƙauyen daga bakin wanda ya haƙa ba, jiha kawai muke rubutawa. Ƙirƙirar suna don cike gurbi yana gurɓata ilimin duk wanda dutsen zai shiga hannunsa nan gaba. Guda 38 ne ke da jiha kawai, kuma farashinsu ya yi ƙasa da na 'yan uwansu.

5 ga Afrilu

Hotuna sun kammala. Hasken taga da safe, farar takarda a ɗaya gefen tana mayar da haske, bango mai ruwan toka, rula a gefe, dutse a bushe. Hoto huɗu ga kowanne: gaba, baya, kai, da wurin rauni a kusa. Wayoyi na ƙara wa shuɗin akwamarin ƙarfi, don haka ana kwatanta hoton da dutsen a hannu kafin a saka, idan ya fi shi kyau a sake.

Farashi: kuɗin saye, la'ada, sinadarai, kwali, a kuma raba asarar waɗanda suka karye a kan waɗanda suka tsira. Bayan haka sai a dubi lafiyar kai, sheƙi, zama a kan uwar dutse, launi da cikar kati. Nauyi ne na ƙarshe.

An sayar da akwatin koyarwa biyu, kowanne da ma'adini 12, da guda 17 ɗai-ɗai a cikin gida. Naɗin: leda mai laushi a jikin ƙwayar, takardar tishu a kai, ƙaramin kwali da ba ya barin motsi, sannan babban kwali da soso mai kaurin santimita 5 ta kowane gefe. Auduga ba ta taɓa dutse kai tsaye, zarenta na sarƙewa a siraran tomalin ya karya su wajen cirewa. Mai nauyi irin barait da dutsen tozali ba sa haɗa kwali da mai laushi. Idan aka girgiza aka ji motsi, a kwance a sake.

Fitarwa waje na jiran takardu: rajista da Hukumar Bunƙasa Fitar da Kayayyaki, fom ɗin NXP na bayyana kayan da za a fitar, ta banki, biyan harajin ma'adinai, da izinin fitarwa daga ma'aikatar. Manyan kasuwannin samfuri su ne na Tucson a Amurka a farkon shekara, na Sainte-Marie-aux-Mines a Faransa a watan Yuni, da na Munich a Jamus a watan Oktoba. Na Yuni ya yi kusa, Oktoba muke hari ta hannun mai rumfa a can.

3 ga Mayu

Ruwa ya sauka, ramuka sun fara cika, kuma mun dakatar da saye har kaka, domin loto a damina yana ruftawa, ba ma so kuɗinmu ya zama dalilin da wani zai shiga. Rajista ta tsaya a guda 131 masu kati, cikinsu har da waɗanda aka sayar ɗai-ɗai. 19 suka rage a cika adadin.

Laima ce aikin yanzu. Dutsen tozali guda uku suna da ɗigon fairait a jiki, wanda ke ruɓewa ya fitar da farin gari mai tsami idan laimar iska ta haura kashi 60 cikin 100, har ya ci kati da kwali. An sa su a roba mai rufewa ruf da silika jel mai tsotse laima, ana gasa jel ɗin duk sanda launinsa ya juya. Katunan asali sun koma cikin leda, an ɗauki hoton rajistar shafi-shafi. Amatis guda shida an ɗauke su daga kusa da taga, rana na kashe launinsu.

Sauran aiki: bokiti ɗaya mai tomalin tara yana kwanakin ɗauraya, zai fito ranar 12. Fenakait guda huɗu za a kai su ɗakin gwaji a tabbatar da su da na'ura kafin a sa musu farashi.